Kaki a Ƙirji Bayan Tiyata: Illar Busasshiyar Iska ga Huhu da Yadda Ake Kauce Mata

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa bayan fitowa daga ɗakin tiyata ya san wannan kukan. Aiki ya yi kyau, mara lafiya ya farfaɗo, amma maƙogwaro ya bushe ƙamas, murya ta dushe, ga wani kaki mai kauri ya tokare ƙirji ya ƙi fita. Nan take masu jinya kan shiga lalube. Wannan ya ce sanyin ɗakin ne ya kama shi, wancan ya ce maganin barci ne ya yi yawa, wata ta ce a nemo turare a yi hayaƙi. Sau da yawa dalilin daban ne: mutumin ya ɗauki awa biyu ko uku yana numfashi ba ta hancinsa ba.

Maganar ta shafi mutanen Wurno, Rabah da Goronyo kai tsaye. Aikin ƙaba da fiɗar haihuwa galibi da allurar kashin baya ake yin su, mutum na farke yana numfashi da kansa. Amma manyan ayyuka, irin su buɗe ciki saboda hanji ya huje, cire maƙoƙo, haɗarin mota ko raunin harsashi, sai an sa mutum barci gaba ɗaya. Irin waɗannan ne ke kai mutanenmu Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Akwai kuma Asibitin Yara Masu Cutar Noma da aka buɗe a 1999, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa tun 2014. Gyaran fuska da baki da ake yi a can kan ɗauki sa'o'i, kuma yawancin marasa lafiyar yara ne.

Aikin da hanci ke yi ba mu lura ba

Babban mutum na shaƙar iskar da ta kai kusan lita 10,000 a yini da kwana. Kafin ta isa huhu, hanci da maƙogwaro sun tace ta, sun ɗumama ta, sun jiƙa ta. Ko da hunturu ne, lokacin da danshin iskar Sakkwato kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, iskar ba ta shiga can cikin huhu sai zafinta ya kai digiri 37, daidai da zafin jiki, kuma ta ƙoshi da ruwa, kimanin miligiram 44 a kowace lita.

Wannan danshi ba don daɗi ba ne kawai. Bangon hanyoyin iska a shafe yake da majina siririya, wadda ke kama ƙura, hayaƙi da ƙwayoyin cuta. Ƙarƙashinta akwai wasu ƙananan gashi-gashi da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna tura majinar sama zuwa maƙogwaro, kusan santimita ɗaya a minti. Idan ta iso sai mu haɗiye ba mu sani ba, ko mu tofar. Manomin rani da ke jan ruwa daga madatsar Goronyo zai fi kowa gane wannan. Muddin ruwa na gudu a hanyarsa, yayi da laka wucewa suke yi; ranar da ruwan ya janye, lakar ta daskare, hanya ta toshe, kwamin da ke can ƙarshe ba ya samun ko ɗigo. Haka majina take: tana da ruwa, tana tafiya; ta rasa ruwa, ta tsaya ta toshe hanya.

Abin da ke faruwa idan aka sa mutum barci

Idan za a yi babban aiki, mai ba da maganin barci yakan zura bututun roba ta baki ko ta hanci har cikin maƙogwaron iska, ya haɗa shi da na'urar numfashi. Wannan bututu ceto ne: shi ke tabbatar da iska na shiga, shi ke hana amai gangarawa huhu. Sai dai ya tsallake hanci da duk aikinsa. Ga kuma iskar oksijin ta cikin tukunya, wadda tun daga masana'anta aka cire mata ruwa da gangan don kada tukunyar ta yi tsatsa ko bakinta ya daskare. Ke nan iska mai sanyi, busasshiya, ita ke faɗawa kai tsaye kan bangon da ya saba da danshi.

Jiki ba ya barin iskar haka, sai ya jiƙa ta, kuma daga majinar yake ɗibar ruwan. Majina ta yi kauri, gashin ya rage kaɗawa, daga bisani ya tsaya. Su ma magungunan barcin suna rage masa kuzari, ga shi mai barci ba ya iya tari. Wani lokaci akan ba da allurar atrofin don rage yawu, musamman tare da ketamin, ita ma tana ƙara busar da baki. A 1972, likita Jack Chalon da abokan aikinsa a Amurka sun duba ƙwayoyin bangon maƙogwaron marasa lafiya, suka ga lalacewa a fili ga waɗanda suka shaƙi busasshiyar iska na tsawon awa uku, alhali waɗanda aka jiƙa wa iskar ba su nuna haka ba.

Idan kaki ya toshe ƙaramar hanya, sashen huhun da ke bayanta sai ya lanƙwame, iska ba ta shiga. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, ciwon haƙarƙari ya kama. A jariri kuwa, wanda bututunsa siriri ne ƙwarai, ɗan busasshen kaki ya isa ya toshe bututun baki ɗaya. Busasshiyar iska tana kuma satar ɗumin jiki, tana ƙara wa mara lafiya rawar ɗari bayan farfaɗowa.

Kada wannan ya firgita kowa. Gajeren aiki ga mai ƙoshin lafiya ba kasafai yake barin wata illa ba, kuma ciwon maƙogwaro na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka saba gani, yana wucewa da kansa. Haɗarin na ƙaruwa ne da tsawon aikin da kuma halin da huhun yake tun farko.

Dabarun da asibiti ke da su

Mafi sauƙi ita ce wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ma'aikata ke kira filta. Ana saka ta tsakanin bututu da na'urar numfashi. Idan mara lafiya ya fitar da numfashi, sai ta riƙe ɗumi da danshin. Idan sabuwar iska ta zo shiga, sai ta mayar mata da su. Mai kyau kan dawo da kusan miligiram 30 na ruwa a kowace lita, kuma da yawansu suna tare ƙwayoyin cuta. Ba ta bukatar wutar lantarki. Ta mutum ɗaya ce, ba a wanke ta a saka wa wani.

Ta biyu ita ce rage gudun sabuwar iska, a bar wadda mara lafiya ya fitar ta zagayo bayan ta ratsa wani sinadari mai tsotse gurɓatacciyar iska. Wannan tsotsewa da kanta tana haifar da ɗumi da ruwa. Ta uku ita ce na'urar lantarki mai ɗumama ruwa, wadda aka fi amfani da ita a ɗakin kulawa ta musamman ga wanda zai yi kwanaki kan na'urar numfashi. Kowace da sharaɗinta: filta kan toshe da jini ko kaki, yaro na bukatar ƙarama daidai jikinsa, mai ɗumama ruwa kuma idan ba a lura ba takan tara ruwa cikin tiyo ko ta yi zafi fiye da kima. Shi ya sa zaɓin yake hannun mai ba da maganin barci.

Abin da ya shafi dangi a nan guda ne. Idan aka rubuto kayan aiki a saya, aka ga filta a ciki, kada a tsallake ta don rage kuɗi, kada kuma a karɓi wadda ledarta a buɗe take.

Kafin ranar aiki

Wasu na shiga ɗakin tiyata da huhun da ya riga ya gaji: mai shan taba ko shisha, matar da ta shekara ashirin tana girki da itace cikin rufaffen madafi, manomin da ya fito daga sussuka da sheƙar shinkafa a fadamar Wurno, mai asma, wanda ya taɓa tarin fuka, tsoho, da yaron da ke fama da tamowa. Duk wannan sai an faɗa wa likita. Kunyar cewa "Likita, ina shan taba" gaban mahaifi ko suruki ta sa da yawa suna ɓoyewa. A nemi ganinsa a keɓe. A Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa barin taba mako 4 ko fiye kafin tiyata na rage matsalolin bayan aiki. Ko kwana ɗaya aka bari, jini ya fi ɗaukar oksijin.

Idan yaro na mura, tari ko zazzaɓi, uwa ta faɗa, ko da daga Gandi ko Achida aka ɗauko mota. Ɗage aikin da ba na gaggawa ba zuwa 'yan makonni ya fi a yi shi kan maƙogwaron da ke kumbure.

Sai batun hana ci da sha. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce barin abinci awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2, sai dai in likita ya ba da wani umarni saboda irin ciwon. Kunu, koko, fura, nono da shayi mai madara duk abinci ne. Kada a ba mara lafiya komai a ɓoye don tausayi, domin amai cikin barci na iya kisa. Amma idan aiki ya yi jinkiri, mutum ya wuni bai sha ruwa ba cikin zafin bazara da kan haura digiri 40, a tuna wa ma'aikata, ko a ba shi izinin kurɓa ko a ɗaura masa ƙarin ruwa. Jikin da ya bushe, majinarsa ma a bushe take.

Bayan an fito

A nan ne aikin mai jinya yake. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2018, kan marasa lafiya sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25 har da Najeriya, ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan tiyata, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu, ba ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Kwanakin jinya ke nan, lokacin da dangi ne a bakin gado.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne hana mara lafiya tari don kada ɗinki ya kwance. Tari shi ne ke fitar da kakin. A naɗe zane ko a ɗauki matashi a danne wurin ɗinki da hannu biyu, ya ja dogon numfashi, sannan ya yi tarin. Idan zafi ya hana, a nemi maganin zafi wurin nas, ba a haƙura ba. A ɗaga kan gado, a riƙa juya shi, ya ja dogon numfashi kamar sau goma a kowace awa idan yana farke. Da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi, a taka da shi, a ba shi ruwa akai-akai.

A nisanta shi da turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi da hayaƙin murhu, har bayan an koma gida. Wannan ya haɗa da mai jego da aka yi wa fiɗa. Kada a sayo maganin kwantar da tari a kemis, musamman mai kodin, domin yana danne tarin da ake bukata. Sirace da tafasasshen ruwa ba ya maye gurbin komai cikin waɗannan, kuma ya sha ƙona yara. 'Yar kwalbar ruwan da ke jikin tukunyar oksijin ta ma'aikata ce: kada a zuba mata ruwan rijiya ko na leda, kada a taɓa makunninta.

Wanda aka sallama da bututun numfashi a wuya ya rasa aikin hanci dare da rana, don haka hunturu babban haɗari ne gare shi. Kada a bar asibiti sai an koya wa mutum biyu a gidan yadda ake tsabtace bututun da rufe bakinsa da ƙyalle mai tsabta.

A kira ma'aikaci nan take, ko a koma asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba, idan aka ga numfashi sama-sama, ƙirji na lotsawa, leɓe ya canja launi, zazzaɓi ya taso, kaki ya koma kore ko ya zo da jini, ko mara lafiya ya rikice ya daina gane mutane.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce kowane mutum 100,000 na bukatar aƙalla likitan barci 5. Najeriya ba ta kai ɗaya ba, kuma kaɗan ɗin da ake da su a manyan birane suke. A ƙananan hukumomi, nas-nas da aka horar su ne ke riƙe da wannan aiki, kuma ba za su yi abin da babu kayansa ba. Filta na cikin kayan tiyata mafi araha, amma kwanaki biyar na jinyar ciwon haƙarƙari na iya cinye kuɗin albasar kaka guda. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta sa filta ta manya da ta yara, da sinadarin tsotse gurɓatacciyar iska, da na'urar auna oksijin ta yatsa, cikin kayan da ba a bari su yanke a kowane ɗakin tiyata. Kwamitocin lafiya na mazaɓu, hakimai da limamai su riƙa tambayar wannan idan sun zauna da hukumomin asibiti.

Shi kuma wanda za a yi wa aiki, ko waliyyinsa, yana da haƙƙin ya yi tambaya cikin ladabi kafin ya sa hannu a takarda: Wane irin barci za a sa ni? Awa nawa aikin zai ɗauka? Yaushe zan daina shan ruwa, yaushe zan fara? Me zan yi da ƙirjina idan na farfaɗo? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin amsarsu na rage masa aiki, tana kuma rage wa iyali kwanakin asibiti.