Kifi a Ƙarƙashin Ƙanƙara

A ƙasashe irin su Ingila, Jamus da Kanada, mutane kan haƙa ɗan kududdufi a lambun gida su zuba kifin ado, musamman koi, wanda manoman Niigata ta Japan suka fara kiwo saboda kyan launinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu saman ruwan kan daskare, har wanda bai sani ba ya ɗauka kifin ya halaka. Alhali kuwa yana nan da ransa.

Ruwa ya fi nauyi idan yana digiri 4 a ma'aunin Selsiyas, saboda haka shi ke kwantawa a ƙasa, ƙanƙara kuma ta tsaya a sama. Can ƙasa kifin ke lafewa, da ƙyar yake kaɗa jela. Shi ya sa masu kiwon koi ke son zurfin ya kai mita guda ko ya fi. Kududdufi mai faɗi marar zurfi yana iya daskarewa har gindi.

Abin tsoron shi ne toshewar numfashi. Ganyen da bishiyoyi suka zubar yana ruɓewa a gindin ruwa, yana cinye oksijin, yana fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ƙanƙara ta rufe ruf na kwanaki, mai gubar ba ta fita, mai kyau ba ta shiga. Masu dabara tun Oktoba suke shimfiɗa raga ta tare ganyen, sannan su tabbatar akwai 'yar kafa a buɗe.

Wajen buɗe kafar ake yin ɓarna. Sai mutum ya ɗauko guduma ya hau duka, ya manta cewa girgizar bugun tana ratsa ruwa ta jikkata kifin da ke kwance. Tukunyar ruwan zafi ta isa: a ɗaure hannunta da igiya, a ɗora a kan ƙanƙarar, ta narke rami a hankali, a janye ta kafin ta nitse. Akwai kuma 'yar hita mai iyo da ke hana wurin sake daskarewa. In za a sa bututun iska, a bar shi kusa da sama, don in ya sauka ƙasa zai gauraya ruwan mai ɗan ɗumi da mai sanyi.

Sai tausayin da ba shi da amfani, wato abinci. Da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, cikin kifi ba ya narkar da abin kirki. Abincin da bai ci ba kuma ya ruɓe ya ɓata ruwan. Masu kiwon tarwaɗa a Jos sun san makamancin wannan, don da hunturu ya kankama kifinsu kan rage ci. A Turai daina ba kifin abinci ake yi ɗungurungum, sai ruwa ya yi ɗumi wajen Maris ko Afrilu a koma ba su kaɗan-kaɗan.