Ko Kun Sani?

Furen okid irin Phalaenopsis da ake sayarwa a tukunya ba a ƙasa yake tsirowa ba. A dazukan Filifin da Indunusiya jikin bishiyoyi yake maƙalewa, saiwoyinsa na shan iska, shi ya sa yawan ruwa ke ruɓar da su. Abin takaici, da saiwa ta ruɓe sai ganye ya yi yaushi, mai shi ya zaci ƙishi ne, ya ƙara ruwa.

Idan haka ta faru, a ciro furen daga tukunyar, a datse duk saiwar da ta yi baƙi ta yi taushi da almakashi mai tsabta, a bar masu tauri. A mayar da shi cikin ɓawon itace, a tukunya mai huji. Kada a ba shi ruwa sai saiwoyin sun bushe sun yi fari-fari.