Tsohuwar Kwamfutar Gem: Ina Ya Kamata Kuɗinka Ya Fara Shiga?

Da yawa daga cikin kwamfutocin da matasa ke buga gem da su a Gusau da Tsafe da Bungudu ba don gem aka ƙera su ba. Na ofis ne, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka gama yi wa kamfanonin Turai da Amurka bauta, aka sauke su a Legas, suka bi ta Computer Village da ke Ikeja ko titin Beirut a Kano, kafin su iso hannun ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko mai gidan gem a bakin tasha. OptiPlex 7010, alal misali, tun 2012 ta fito. Da zarar an ɗora mata GTA V ko PES 2021 ta fara sandarewa, sai a yanke hukunci cewa ta tsufa. Ga shi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane.

Sau da yawa ba kwamfutar ce gaba ɗaya ta gaza ba, abu ɗaya ne a cikinta ke riƙe sauran. Wanda ya gano wannan abu zai kashe kaɗan ya ga canji. Wanda bai gano ba zai iya zuba kuɗi masu yawa ba tare da komai ya sauya ba.

Binciken kansa kyauta ne. Ka kunna gem ɗin, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka nauyin da ke kan furosesa da ram da faifan ajiya da katin hoto. Wanda ka ga ya cika maƙil alhali sauran na hutawa, shi ne mai laifin. Idan kuwa gem ɗin na tafiya sumul kai kaɗai, sai ka hau intanet ya fara tsalle-tsalle, to matsalar sabis ce, kuma ƙara wa kwamfutar kaya ba zai gyara ta ba.

Kafin a sayi komai, a fara da ƙura. Hunturu na cusa ta cikin fanka da ramukan iska, sannan zafin Maris zuwa Mayu ya zo ya tarar da hanyar iska a toshe. Furosesa idan ta kusa maki 100 na zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamar a bayyane take: gem ya fara lafiya lau, bayan ɗan lokaci fanka ta kama ƙugi, 'yan wasa su fara tafiya kamar ana jan su. Cire wuta, buɗe murfin, ka taɓa ƙarfen jikin akwatin tukuna, domin a bushewar hunturu jikin mutum na tara 'yar wutar da kan lalata kayan ciki. Ka riƙe fankar da yatsa sannan ka hura da bulowa, kada iska ta juya ta fiye da kima. A laftof za ka iya tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya. Daga nan a goge busasshen man sanyaya da ke kan furosesa, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Wanda bai taɓa buɗe laftof ba gara ya kai wa mai gyara, amma ya tsaya a yi a gabansa.

Sayayya ta farko ita ce ram. Gig 4 ya yi kaɗan yanzu, 8 ne mafi ƙaranci, 16 kuwa ya wadatar. A kula da iri: tsofaffin kwamfutoci DDR3 suke ci, waɗanda suka biyo bayansu DDR4, kuma tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Haka na laftof ya fi na tebur gajarta. Sannan guda biyu masu gig 4 sun fi guda ɗaya mai gig 8, musamman a kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, domin hanya biyu furosesa ke samu ta ɗebo bayanai.

Ta biyu ita ce faifan SSD. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake wuce megabayit 150 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuwa yana kai wa 500. Kwamfuta za ta tashi da wuri, gem zai buɗe da wuri, maƙalewar da ake samu a GTA V idan ana gudu da mota cikin gari za ta ragu. Sai dai kada mai kaya ya ce maka zai ƙara kyawun hoto, wannan ba aikinsa ba ne. Ƙarami ma ya isa a ɗora Windows da gem biyu ko uku, tsohon faifan ya zauna wa finafinai da karatu.

Katin hoto shi ne mai tsada, kuma a nan aka fi yin asara. A yawancin laftof a liƙe yake, ba a canza shi. A kwamfutar tebur kuma sai an duba abu biyu: faɗin akwati da ƙarfin wutar da ke ciki. Siraran kwamfutocin ofis na'urar wutarsu ba ta kai wat 300 ba, kuma gajeren kati kawai ke shiga cikinsu. Abin da ya dace da su shi ne GTX 1050 Ti ta 2016 ko GTX 1650 ta 2019, waɗanda wat 75 suke ja kuma yawancinsu ba sa buƙatar wayar wuta ta daban. RX 580 ta fi su ƙarfi, amma wat 185 take ci. Wanda ya cusa ta ba tare da ya canza na'urar wuta ba, kwamfutarsa za ta riƙa mutuwa ana tsakiyar wasa. Mai gidan gem da ke kan sola ko janareto kuma ya lissafa da batir da fetur, domin tsadar kati ba ta ƙarewa ranar da aka saye shi.

Araha ba ta ado. Bayan da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙo a watan Satumban 2022, katunan hoton da suka yi aikin haƙon dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana tona asirin yawancinsu, CrystalDiskInfo kuma na nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki. Ka sa su a filashi ka tafi da su kasuwa. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada a gabansa, ko ya ƙi ba ka 'yan kwanakin gwaji, ka ƙara gaba. Mutanen Tsafe da Bungudu da ke aikawa a sayo musu daga Gusau ko Kano, su ɗauki hoton lambar kwamfutar da na ram ɗin da ke ciki su tura wa ɗan aike, don kada kuɗin mota ya zama biyu.

Duk wannan kaya wutar Nepa na iya cinye shi cikin daƙiƙa ɗaya. Wutar da ke zuwa da rauni, ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ita ce ajalin na'urori da dama. Kuɗin sitabilaiza ko UPS yana cikin kuɗin gyara, ba ƙari ba ne. Haka kuma rage girman hoto daga 1080 zuwa 720 da sauke inuwa a saitin gem na ƙara gudu ba tare da ko sisi ba.

Gyara ma yana da iyaka. EA Sports FC 24 na neman aƙalla furosesa i5 zubi na shida da gig 8 da GTX 1050 Ti, don haka kwamfutar 2012 ta faɗi ƙasa da ma'aunin ko da an sa mata kati. Microsoft ta sanya 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa. Saboda haka a fi ba da ƙarfi ga abin da zai bi ka zuwa kwamfuta ta gaba, wato SSD da katin hoto da sitabilaiza, a taƙaita kashe kuɗi kan DDR3 da zai mutu tare da tsohuwar. Idan lissafin gyara ya kusa kuɗin wata ta hannu mai zubi na takwas, a sayar da tsohuwar a cika a sayi waccan.