Kwana 21 a Cikin Ɓawo: Yadda Ake Ƙyanƙyasar Ƙwai a Gida

A daren kwana na bakwai, bayan sallar isha'i, na kashe fitilar ɗaki, na buɗe injin ƙyanƙyasa, na ɗauko ƙwai ɗaya mai ɗumi kamar yanzu kaza ta tashi daga kansa. Na kafa bakin tocila a gindinsa, wajen da ya fi faɗi. Nan take ɓawon ya yi jawur kamar garwashi, jijiyoyin jini suka bayyana sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiyarsu ga wani ɗan baƙin ɗigo yana lilo a hankali. Idon ɗan tsako ke nan. 'Yata da ke riƙe mini kiret ta ja numfashi ta ce, "Baba, wallahi motsi yake!" Na ce, "Motsi yake, uwata. Maza mu mai da shi kada ya huce."

Wanda duk ya taɓa ganin wannan ba zai sake ɗaukar ƙwan ƙyanƙyasa a matsayin kaya ba. Rai ne a cikinsa, kuma yawancin asarar da masu ƙananan injuna ke tafkawa a gidaje daga mantawa da hakan take farawa.

Injin kwaikwayo yake yi

Ƙyanƙyasa ba tare da kaza ba tsohuwar sana'a ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce mutanen Masar suna gina ɗakunan ƙasa, su hura musu wuta kaɗan-kaɗan, su jera dubban ƙwai a ciki. Ba su da ma'aunin zafi. Mai aikin yakan ɗora ƙwai a fatar idonsa ya gane ko ɗumin ya yi daidai. A 1749 wani masani Bafaranshe mai suna Réaumur ya wallafa littafi kan yadda za a kwaikwayi wannan dabara a Turai. Injin roba da ake sayarwa yau a kasuwanninmu, da wanda matasa ke haɗawa da tsohon firji ko akwatin katako, duk jikokin waɗancan ɗakuna ne.

Dukkansu kuwa kaza suke kwaikwayo. Idan ta shiga kwanci, gashin ƙirjinta yakan zube don fatarta ta taɓa ƙwan. Tana juya shi da baki dare da rana, tana tashi sau ɗaya ko biyu ta ci ta sha, ƙwan ya sha iska. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin gwanintarta, shi ya sa suke zuba mata ƙwan zabi ta kwanta a kai har kwana 26 zuwa 28. Gazawarta ɗaya ce: ƙwai 10 zuwa 12 take iya rufewa, kuma duk tsawon kwanci da renon 'yan tsaki ba ta saka wani. Shi ya sa kazar gida ba ta cika wuce ƙwai 60 a shekara ba. Injin yana ɗauke mata wannan nauyi, amma sai mai shi ya ba ƙwan abin da uwar ke ba shi: zafi, danshi, juyi da iska.

Tun kafin a kunna injin

Ƙwan kiret da ake saye don soyawa ba ya ƙyanƙyashewa, domin kajin gidan gona masu saka shi ba sa tare da zakara. Ana bukatar zakara ɗaya lafiyayye ga kaji 8 zuwa 10. A zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, mara tsagu, ba dogo ainun ba, ba kuma mulmulalle ba. Kada a wanke shi. Akwai wani siririn shafi da kaza ke lulluɓe ɓawon da shi lokacin sakawa, shi ke toshe wa ƙwayoyin cuta dubban ƙananan ƙofofin da ƙwan ke numfashi ta cikinsu. Ruwa na wanke shafin, ya kuma tura datti ciki.

Ajiya ma tana da nata hukunci. Ƙwai ya fi son wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 16, tsininsa na kallon ƙasa, kuma kada ya wuce mako guda; daga nan ƙarfinsa raguwa yake kullum. Firji ya yi masa sanyi da yawa. A bazara kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, ɗan tayin yakan fara girma a kan kanta da rana, ya tsaya da dare, har ya galabaita ya mutu tun bai ga injin ba. Wurin da ya fi dacewa a gidan Bahaushe shi ne gindin randa, a inuwa, inda ƙasa ke da sanyi. A riƙa kwashe ƙwai daga gurbi sau biyu ko uku a yini, a rubuta kwanan wata a jikinsa da fensir.

Ƙwan da ya sha hanya

Yanzu ta waya ake cinikin ƙwai. Mutum yana Katsina ko Maraɗi zai ga hoton kaza mai kyau, ya tura kuɗi, a ba direba kwali a tasha. Ni ma na yi. Kiret biyu na saya daga kudu, suka kwana a but ɗin mota a ƙarƙashin buhuna, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000. Da na buɗe kwalin babu ko ɗaya da ya fashe, na yi hamdala, na zuba su a injin a daren. Ranar ƙyanƙyasa abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Ɓarnar tana ciki ne, inda ido ba ya gani. A gindin kowane ƙwai akwai ɗan aljihun iska tsakanin fatu biyu sirara, kuma gwaiduwa tana rataye ne a tsakiya da wasu murɗaɗɗun zare guda biyu. Kowane rami da mota ta faɗa yana jijjiga su. Aljihun iskar yakan ɓalle ya riƙa yawo kamar kumfa, ko ya zarce gefe. Ɗan tsako kuwa a cikin wannan aljihu yake fara numfashi. Idan ya tarar ba ya inda ya kamata, sai ya shaƙe a kwanakin ƙarshe. Ga kuma zafin salansa da na rana. Shi ya sa masu wannan harka ke cewa in rabin ƙwan tafiya ya fito, an yi sa'a.

Ana iya rage asarar. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ranar da aka saka ƙwan. A naɗe kowanne daban, tsini a ƙasa, a cike tsakaninsu da ƙaiƙayi ko diddigar katako yadda ba za su motsa ba. A roƙi direba ya ajiye kwalin a cikin mota, ba a but ba, ko da za a ƙara masa kuɗin kujera. Idan ya iso, kada a yi gaggawar da na yi: a jera shi a kiret, tsini a ƙasa, ya huta awa 24. Sannan a haska kowanne da tocila. Mai tsagu a cire shi. Wanda aljihunsa ke yawo a sa shi a tsaye a injin, a jinkirta juya shi kwana biyu ko uku.

Akwai kuma abu biyu da hoton waya ba ya nunawa. Wasu cututtuka, irin farin zawon 'yan tsaki, ta cikin ƙwai suke bi daga uwa zuwa ɗa. Sannan kajin haɗi, irin Noiler, ko kuma Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar, idan aka bar su suka yi barbara a tsakaninsu, 'ya'yan ba lallai su gaji girman iyayen ko yawan ƙwansu ba. Ga mai koyo, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki: ya fara da ƙwan kajin gidansa ko na maƙwabta, sai hannunsa ya faɗa sannan ya sa kuɗi a na nesa.

Zafi, danshi, juyi, iska

A kunna injin kwana guda kafin a zuba ƙwai, a ga ko zafinsa na tsayawa wuri ɗaya. Mai fanka digiri 37.5 yake bukata. Mara fanka, 38 zuwa 39 idan an auna daidai saman ƙwan. Kada a amince da lambar da ke jikin injin ita kaɗai, a gwada ta da ma'aunin zafi na asibiti. Kuskuren digiri ɗaya na tsawon kwanaki ya isa ya sa 'yan tsaki su fito da wuri cibiya a buɗe, ko su makara su fito a raunane.

Ɗauke wuta shi ne abin da kowa ke tsoro, amma ƙwai ya fi jure sanyi a kan zafi. In wuta ta tafi na 'yan awoyi, a bar murfin a rufe, a lulluɓa bargo ba tare da toshe ƙofofin iska ba, in ta daɗe a sa kwalaben ruwan ɗumi. Wanda ke da hali ya haɗa batir da sola. Babban haɗarin yana watan Afrilu, domin injin ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba. Idan ɗakin kwano ya kai digiri 41 da azahar, ƙwan ma can zai kai, kuma hakan na iya kashe shi. A nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga.

Danshi kuwa ya danganta da lokacin shekara. Ana son kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har kwana na 18. A hunturu danshin iskarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, ƙwai ya bushe, fatar ciki ta manne wa ɗan tsako kamar leda. A tsakiyar damina kuma ruwan ciki ba ya fita yadda ya kamata, aljihun iska ya tsaya ƙarami. Ƙwan da kansa zai gaya maka gaskiya: ya kamata ya rage kimanin kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa kwana na 18, wato mai giram 50 ya zubar da wajen giram 6. In babu sikeli, a zagaye aljihun iskar da fensir a kwana na 7, na 14 da na 18; a ƙarshe ya kusa cin sulusin ƙwan. In yana saurin faɗaɗa a ƙara ruwa a tire, in ya ƙi a rage.

Juyi yana hana ɗan tayin mannewa a ɓawo. In da hannu ake yi, a yi sau 3 ko 5 a yini, don kada ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere, kuma a wanke hannu kafin da bayan taɓawa. Duk lokacin haskawa a tsame wanda ya fito fes ba jijiya, da mai zoben jini a kewaye. Wannan shi ne baragurbi. In ya fashe a ciki ya gurɓata sauran.

Kwana ukun haƙuri

A kwana na 18 a daina juyi, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, a rufe injin. Ɗan tsako zai janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ya huda aljihun iska da baki. In ka kasa kunne da dare za ka ji kukansa siriri daga cikin ƙwan da ko tsagewa bai yi ba. Daga nan sai ya fasa ɓawon da wani ɗan ƙaho da ke kan bakinsa, ya yi shiru. Shirun kan kai awa 12, wani lokaci har 24, kuma a nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Wanda ya ɓare masa ɓawo a lokacin yakan tsinka jijiyar da ba ta gama ƙafewa ba. Wanda ke yawan buɗe murfi kuma yana busar da na baya. Ɗan tsakon hutawa yake, huhunsa na sabawa da iska. In ya shirya zai kewaye ɓawon da sara, ya tokare da ƙafa, ya faɗo a jiƙe sharkaf.

A bar shi ya bushe a ciki. Gwaiduwar da ya janye za ta riƙe shi kwana biyu. Daga nan sai wurin reno mai ɗumin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kamar digiri 3 duk mako. Su da kansu za su nuna: in sun cunkushe a gindin kasko sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Ruwa kafin abinci, sannan a nemi likitan dabbobi kan rigakafin Newcastle da Gumboro, domin annobar hunturu ba ta san wahalar da aka sha ba.

Ƙwan da bai fito ba kada a zubar a rufe. A fasa shi a bayan gida, a ga a wane mataki ran ya tsaya, a rubuta a littafi tare da kwanan wata da inda aka samo shi. Da wannan littafi na gane cewa kiret biyun nan a hanya na rasa su, ba a injin ba. Zubi na gaba ƙwan kajin maƙwabciyarmu ne, wanda ta kawo a ƙwarya da ƙaiƙayi, tafiyar taku hamsin. Ranar kwana na 21, kafin kiran assalatu, 'yata ce ta tashe ni: injin ya cika da kuka.