Sola a Kan Mota Mai Ɗaki: Rana Kyauta Ce, Amma Batir Yana da Iyaka

A garin Quartzsite da ke hamadar jihar Arizona ta Amurka, kowace shekara da sanyi dubban mutane kan taru da motocinsu masu ɗaki, wato masu gado da kicin da banɗaki a ciki. Da yawa suna yin watanni a filin Allah, babu wayar lantarki, sai farantan sola a rufi da batura. Idan zafi ya shigo, garin ya haura digiri 40, sai yawancinsu su watse. Ni malamin lissafi ne, kuma ina ganin dalilin watsewar nan darasi ne ga duk mai shirin sayen sola.

Bari mu ƙirga tare. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ajiye wutar da za ta riƙe kaya mai cin wat 1,200 na awa ɗaya. Idan batirin ruwa ne, rabi kawai ake so a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Na litiyam ana iya shan kusan duka, amma ya fi tsada, kuma ba a caja shi idan sanyi ya kai na ƙanƙara.

To, na'urar sanyaya ɗaki ta irin waɗannan motoci tana cin kusan wat 1,500. Ka ga batirin litiyam guda ba zai riƙe ta awa ɗaya cur ba, na ruwa kuwa ko rabin awa ba zai kai ba. Inbata ma tana cin nata, kusan kashi 10 cikin 100.

Wani zai ce, ai sai a ƙara faranti. Ina wurin? Rufin mota ƙarami ne. A ce ya ɗauki wat 400, aka samu rana mai ƙarfi ta awa 5, a takarda 2,000 ke nan. Amma lambar da ke jikin faranti an gwada ta ne a zafin digiri 25. Idan ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi, ga ƙura, ga inuwa. Abin da zai shiga batir bai fi 1,500 ba sosai. Wato ranar wuni guda, sanyin awa ɗaya!

Shi ya sa masu motocin nan da gas suke girki da dafa ruwa, wasu har firijinsu na gas ne. Sola ta riƙe fitila, fanka, waya da kwamfuta. Mai son sanyi dole ya tada janareto ko ya nemi sansani mai lantarki.

Lissafin bai canja ba a gidajenmu. Sau da yawa iyayen yara kan tambaye ni me ya sa batirinsu ke mutuwa kafin asuba, in na bincika sai in tarar an jona dutsen guga ko hita. Duk abin da ke zafafawa ko sanyayawa shi ne mai cin wuta.

Kafin ka ba mai shago kuɗinka, rubuta kowane kaya da wat ɗinsa, ka ninka da awannin da zai yi, ka tara. Da wannan jimlar za ka je kasuwa.