Wane Fetur Ya Fi Dacewa da Ƙaramin Babur?

Babur shi ne jakin wannan zamani a ƙasar Zamfara. Shi ke kai malami makaranta a Gusau, shi ke fito da buhun masara daga ƙauyukan Tsafe, shi ne kuma jarin ɗan kabu-kabu a Bunguɗu. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Don haka muhawarar da ake yi a bakin garejin makanikai ta ƙara zafi: shin akwai wani fetur mai daraja da ke ƙara wa babur ƙarfi, wanda ya cancanci a biya shi da tsada?

Yadda Inji Ke Cin Mai

Injin babur irin su Bajaj Boxer da Jincheng silinda ɗaya gare shi. A cikinta akwai fistin da ke hawa da sauka. Kafireto ne ke gauraya iska da tururin fetur, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi. Idan wannan haɗi ya shiga silinda, sai fistin ya matse shi, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi. Wutar da ta kama ita ke ingiza fistin ƙasa, har ƙafa ta juya.

To amma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda bakin famfon keke ke ɗumi idan ana ba taya iska. In matsin ya fi ƙarfin fetur, wani sashe na haɗin yakan fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Abin da mahayi zai ji shi ne wata 'yar ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, musamman a hawa ko da kaya mai nauyi. Idan abin ya daɗe, yana cin kan fistin, ya lalata ringi.

Ma'anar Lambar Oktan

Juriyar fetur ga irin wannan fashewa ita ake aunawa da lambar oktan. Masana sun ɗauki sinadarai biyu a matsayin ma'auni: aiso-oktan mai matuƙar juriya suka ba shi 100, heptan mai saurin fashewa suka ba shi 0. Fetur mai lamba 91 yana da juriya daidai da haɗin kashi 91 na farko da kashi 9 na biyu. A ƙasashen Turai ana sayar da mai lamba 95 da 98. A Amurka, inda salon ƙidayarsu ya bambanta, ana rubuta 87 ga na gama-gari, 91 zuwa 93 ga mai tsada.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Lambar oktan ma'aunin haƙuri ce, ba ta ƙarfi ba. Kuzarin da ke cikin lita ɗaya ta mai tsada kusan daidai yake da na gama-gari. Motocin da injinsu ke matse haɗi ƙwarai su ke buƙatar babbar lamba. Shi kuwa ƙaramin babur yakan matse haɗinsa ne zuwa wajen kashi ɗaya cikin tara, kuma fetur na gama-gari ya ishe shi. Zuba masa mai lamba 98 ba zai cutar da shi ba, ba kuma zai ƙara masa gudu ko tsawon tafiya ba. Asarar kuɗi ce kawai.

Darasi Biyu Daga Tarihi

A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma yana ɗaga lambar oktan. Duniya ta shafe shekaru da dama tana shaƙar wannan guba daga salansa, alhali dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara. Mutanen Zamfara sun san sharrinta tun 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sa ta a fetur zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ta rufe wannan babi a 2021.

Darasi na biyu ya fi kusa. A watan Fabrairun 2022 hukuma ta sanar da cewa an shigo Nijeriya da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa. Injina suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Abin lura shi ne, lambar oktan ta metanol ta haura 100, amma kuzarinsa kusan rabin na fetur ne, yana jawo ruwa, yana kuma cin roba da wasu ƙarafa. Ashe ke nan babbar lamba ba ita ce shaidar inganci ba.

Zaɓin da Ke Gaban Mahayi

A gidajen mai na Gusau, Tsafe da Bunguɗu iri ɗaya ake sayarwa, wanda hukuma ke kira PMS. Saboda haka zaɓin gaskiya yana tsakanin mai tsabta ne da gurɓatacce. A shekarun da kalanzir ya fi fetur araha, wasu sukan surka su. Kalanzir ba ya saurin zama tururi, lambarsa ta oktan kuma ƙasa take ƙwarai, sai ka ga babur na ƙin tashi, yana hayaƙi, fulogi na yin baƙi. Haka nan fetur ɗin da ya wuni a gora ko jarka a teburin ɗan bumburutu cikin ranar bazara, sassansa marasa nauyi, waɗanda su ke sa inji tashi da wuri, suna tsiyayewa cikin iska. Ƙura da ruwa su ma sukan samu shiga, su toshe kafireto.

Kammalawa

Mai babur ya bi abin da littafin masu ƙera shi ya tanada. Ya sayi mai a inda ake yawan ciniki, domin ba ya kwana. In dole ta sa ya saya a gora, ya ɗaga ta ya duba, gama ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake taruwa. Kuɗin da zai kashe wajen neman mai na musamman, gara ya sa su a canza baƙin mai kan lokaci da wanke matacin iska, musamman lokacin hunturu. Malamai kuma za su iya ba ɗalibai aiki: su tambayi makaniken unguwarsu abin da ya fi samu a cikin kafireton da ya kwance, su kawo amsar aji a tattauna.