Sassaƙen Maɗaci da Tsutsar Cikin Awaki da Tumaki

Malam manomi, da zarar damina ta kankama, sai ka lura akuyarka tana ci amma tana ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura, in ka buɗe fatar idonta ka tarar ta yi fari fat. Galibi wannan aikin wata tsutsa ce da masana ke kira Haemonchus contortus, wadda ke zama a ɗaki na huɗu na tumbin dabba tana shan jini. Tsutsa 1,000 kan shanye wajen mililita 50 na jini a yini, macen kuma tana zuba ƙwai dubbai kullum, su fita cikin kashi, su ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, wata dabbar ta sake haɗiye su. Zafi da laima su ne abincin wannan tsutsa, shi ya sa ɓarnarta ta fi tsanani inda ruwan sama ke daɗewa.

Magungunan kanti irin su albendazole da levamisole da ivermectin suna aiki, sai dai a ƙasashe da dama tsutsar ta fara gagarar su saboda yawan ɗurawa da rage awo. Wannan ne ya sa masu bincike suka waiwayi itatuwan da makiyaya suka daɗe da sani: maɗaci, marke, bagaruwa, shuwaka da gwanda.

Akwai shaida a kan maɗaci. A shekarar 2004 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka tace sinadarin sassaƙensa suka ba tumaki, suka kuma ga ƙwan tsutsa ya ragu a kashinsu. Amma ka lura da abu guda: tataccen sinadari suka yi amfani da shi, aka auna shi daidai da nauyin kowace tunkiya. Jiƙon da ake yi a tukunya ƙarfinsa na canzawa gwargwadon shekarun bishiya da lokacin da aka sassaƙo ta. Bagaruwa da marke kuwa suna ɗauke da sinadarin tanin, wato wannan baurin da majema ke jima da shi, wanda ke raunana tsutsa; in ya yi yawa sai ya hana dabba cin abinci. Farin ruwan ɗanyar gwanda yana da sinadarin da ke cin fatar tsutsa.

Ba duk abin da ke da ɗaci ne magani ba. A Kenya, a shekarar 2004, an gwada tsirrai bakwai a kan tumaki, har da dogonyaro, babu wanda ya rage tsutsar yadda za a dogara da shi. A ganina wannan sakamako ya cancanci a yaɗa shi kamar yadda ake yaɗa na maɗaci.

Saboda haka, dabbar da idonta ya riga ya yi fari, ko mai ciki, kada ka tsaya jiƙo. Kai ta wurin malamin dabbobi. In kana so ka san ko jiƙonka na aiki, a auna kashin dabbobin kafin ka ba su, a sake aunawa bayan kwana 10 zuwa 14. Ingantaccen magani shi ne wanda ya rage ƙwan da kashi 95 cikin ɗari. In za ka sassaƙi maɗaci, ɗebi gefe ɗaya kawai, domin bishiyar da aka kewaye da sara mutuwa take yi.